Farin Kwalin Auta

"Tit!"

Ƙarar ba ta fi kukan ɗan tsako ba, amma sai da ta tsallake baranda, ta ratsa labule, ta sami kunnen Mai Ɗinki ta zauna daram. Ƙafarta ta tsaya cak a kan fedar keken ɗinki. Ba ta ɗaga kai ba, kada a ce kallo take yi. Ido kawai ta sata ta gefen labule.

Auta ce, ƙanwarta ciki ɗaya, zaune a kujerar roba, ta baje kayan gwajin suga a cinya kamar mai tallan gwal. Ga 'yar na'urar da ba ta cika tafin hannu ba, ga auduga, ga farin kwalin nan mai ɗauke da siraran tsinkayen da ake ɗiga wa jini. Ta ɗaga na'urar, ta karkata kai, ta karanta lamba, ta yi ɗan murmushi irin na wadda aka yi wa albishir. Sannan ta zare tsinken ta wurga a kwandon shara. Haka kawai fa, ko waiwaye babu. Tsinken da in a kanti ne sai mutum ya haɗiye yawu kafin ya tambayi kuɗinsa.

"Yaya, kin tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, tunda ba ni da injin da zai ce min ba haka ba."

Auta ta yi kamar ba ta ji ba. Ta rufe kwalin, ta shige ɗaki da shi a ƙarƙashin hammata.

Gidan na gado ne: ɗaki biyu suna kallon juna, baranda a tsakani, banɗaki ɗaya, firji ɗaya mai gurnani kamar tsohon kare. Mazansu sun rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, sai su biyu. Ciwon sugan ma na gado ne, wajen tsohuwarsu suka ɗauko. Mai Ɗinki ciwon ya fara kamawa, a hankali, likita ya ɗora ta kan ƙwayar magani safe da yamma. Na Auta daga baya ya zo, amma da ya zo bai zo da wasa ba, kai tsaye aka ɗora ta kan allurar insulin.

Katin inshorar lafiya na gwamnati iri ɗaya suke riƙe da shi. Rana ɗaya suka yi layi, rana ɗaya aka ɗauke su hoto, kuma kowa ya shaida Mai Ɗinki ta fi kyau a hoton. To amma ƙa'idar inshora ba ta duba hoto. Abin da ta ce shi ne: mai allura a ba shi kwalin tsinke duk wata kyauta, mai shan ƙwaya kuwa ya haƙura sai ranar ganin likita a gwada shi, ko ya saya da aljihunsa.

Nan gizo ya yi saƙa a zuciyar Mai Ɗinki, kuma ba yau ya fara ba. A gidajen mutane ƙanwa ke sa kwancen yayarta, amma a gidansu Auta ba ta taɓa sa kwance ba. Mai Ɗinki aka cire daga makaranta don ta goyi Auta, Autar kuwa ta yi karatu har ta zama malama, ta auri mai fansho, ta iya cewa "don Allah" da siririyar murya. Duk wannan Mai Ɗinki ta shanye. Amma a ce ko a ciwo ma sai Auta ta zaɓi mai garaɓasa?

Ba wai ba ta da na'ura ba ne. Ɗanta direban babbar mota ya taɓa sayo mata wata, da 'yan tsinkaye a ciki. Tsinkayen suka ƙare, na'urar ta koma aljihun keke tana kwana da tsofaffin zif. Tun daga nan, in jiri ya ɗebe ta tana tsakiyar ɗinki, ba ta sanin sugan sama ya yi ko ƙasa. Ta lashi suga? Ta ƙara magani? Sai ta zaga bayan banɗaki ta duƙa ta duba magudanar fitsari. In tururuwa sun taru, ya hau. In babu su, to Allah masani. Likitocinta ke nan, masu ƙafa shida.

Don Allah kuma kada a ɗauki alhakin Auta, ta taɓa taimakawa. Tsinkenta ba ya shiga na'urar yayarta, kamfani daban ne, don haka sai ta riƙa gwada ta da tata na'urar. Ashe 'yar banzar na'urar nan ta fi maƙwabciya riƙe magana, duk lambar da ta gani sai ta adana. Ranar asibiti likita ya buɗe cikinta, ya ga lambobin Mai Ɗinki a cakuɗe da na Auta, ya ɗauka duk na Auta ne, ya ƙara mata allura. Ba a yi mako ba Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin kasuwa, aka kawo ta gida da takalmi ƙafa ɗaya. Da asibiti suka gano, suka ce in ta sake za su yanke mata kwalin. Daga ranar kwali ya koma ƙarƙashin hammata.

Mai Ɗinki ta san duk wannan. Amma sani daban, "tit" ɗin nan na kowace safiya daban.

* * *

Ranar karɓar magani ta shirya tsaf, ta ɗaura ɗankwalinta na fita kunya. Yarinyar da ke zama a tagar ba da magani ta miƙo mata ƙwayoyinta a 'yar leda. Mai Ɗinki ba ta matsa ba.

"'Yata, kwalin fa?"

"Wane kwali, Mama?"

"Farin nan da kike ba ƙanwata. Ciwonmu ɗaya, uwarmu ɗaya, katinmu ɗaya. Ko nata katin da zinare aka buga shi?"

Yarinyar ta yi dariya, ba ta raini ba, ta gajiya. Da gani ta sha wannan tambayar.

"Mama, na masu allura ne. Su in ba su gwada ba, allurar na iya kayar da su. Ke ki gode wa Allah, naki bai kai ba."

"Bai kai ba?"

"Bai kai ba, Mama. Na baya, matso."

Bai kai ba. Da maganar ta hau mota, da ita ta sauka. Haka aka ce mata ranar da ta nemi komawa makaranta, kuɗin bai kai ba. Haka aka ce da ta nemi rumfa a kasuwa, jarin bai kai ba. Yau kuma ciwon da take jinya tun Auta na cin alawa hankali kwance, shi ma an auna an ce bai kai ba.

To za ta kai shi.

Da ranar ganin likita ta zagayo, sai ta tashi da sassafe ta haɗa shayi, ta yi ta zuba suga har cokali ya kusa tsayawa da kansa. Ta shanye. A bakin ƙofar asibiti ta ƙara da lemon kwalba biyu masu sanyi, tana sha tana waige kamar ɓarauniya. Da aka tsira mata yatsa, ma'aikaciyar jinya ta zaro ido. Mai Ɗinki ta gyara zama, ta sa fuskar tausayi.

Likitan, wani ɗan siriri mai gilashi da bai wuce sa'ar ɗanta ba, ya duba sakamakon, ya dube ta ta saman gilashi.

"Mama, me kika sha da safe?"

"Ni? Ruwa."

"Ruwan nan da daɗi yake." Ya yi murmushi. "Gwajin yatsa na yanzu-yanzu yake faɗa. Amma jinin da muka ɗiba a hannu wancan makon, shi labarin wata uku yake bayarwa, ba a yi masa wayo da kwalba ɗaya. Naki kuma ya yi kyau ƙwarai. Da duk marasa lafiyata irinki ne da na yi ƙiba. Ki ci gaba da ƙwayarki."

Tunda take ba a taɓa yabonta ta ji haushi irin na ranar ba. Ta fito tana gyatsar lemo, kanta na sarawa. Amma a kan matakala ta tsaya. Yaron nan bai san ya ba ta mudun awo ba. Wata uku ya ce.

* * *

Akwai wani tsohon gwangwanin biskit da take tara maɓallai. Nan ƙwayoyin suka koma. Safe da yamma sai ta fito baranda da kofin ruwa, ta kai hannu baki, ta kurɓa, ta ɗaga kai sama don Auta ta gani, ƙwayar kuwa tana maƙale tsakanin yatsu. Fararen ƙwayoyi cikin fararen maɓallai, wa zai kula? Alawa kuma ta sami gida a aljihun keke, kusa da matacciyar na'ura.

Da farko har daɗi ta ji. Shekara da shekaru rabonta da zaƙi, ga shi yanzu tana sha da dalili. In ta ji "tit" daga baranda sai ta taune alawa ƙaras, ta ce a ranta, yi abinki, 'yar gata, ina tafe.

Sai ƙishirwa ta zo, irin wadda ko randa ta shanye ba ta kashewa. Hanyar banɗaki ta zama hanyar gidan ƙawa. Tururuwa kuwa har da baƙi daga maƙwabta. Zannuwanta suka fara yi mata yawa. Matan layi suka kasu biyu, wasu na cewa tunanin ɗanta ne da ya daina aike, wasu na cewa wani tsoho mai shagon fenti take yi wa gyaran jiki. Mai Ɗinki ta fi son zance na biyu.

A lokacin ne kuma ta karɓi aikin da take jira duk shekara, kayan makarantar 'yan firamare, buhu guda na shuɗin yadi. Da aikin nan take biyan wuta, da shi take cika buhun abinci. Ita da ke zura zare a allura tana hira ba ta ko kallo, sai ga ta tana lasar bakin zare tana kai shi, yana wucewa ta gefe. Ta ce allurar zamani ce, ƙofarta ta ƙanƙance. Ta jawo keken bakin taga. Ta ce tagar ce ta yi datti. Ta goge taga. Wani ɗan baƙin abu kamar ƙuda ya fara yawo a idonta na dama, ta kai masa duka ya ƙi tashi.

Wata rana da hantsi Auta ta shigo neman maɓallin rigarta. Kafin Mai Ɗinki ta buɗe baki, ta juye gwangwanin a kan tabarma. Maɓallai suka gangara, ƙwayoyi suka bi su.

Auta ta ɗauki ɗaya, ta juya ta, ta ɗauki wata. Ta daɗe a tsugune.

"Yaya, wannan wane irin maɓalli ne da ba shi da ƙofa?"

"Sabon yayi ne."

"Tun yaushe?"

"Ke likita ce ko 'yar sanda? Ɗauki maɓallinki ki ba ni wuri."

"Saboda kwali?" in ji Auta. "Saboda kwalin tsinke za ki kashe kanki? Wallahi da za a yi musanya, yau ɗin nan na ba ki kwalin da allurar da firjin gaba ɗaya, ki ba ni ƙwayarki. Ke kin san sau nawa nake leƙenki kina haɗiye abinki da ruwa ki koma kan keke, in ji kamar in yi kuka? Duba nan!"

Ta ɗage riga. Cikinta duk tabo, wani baƙi, wani shuɗi, wani ya yi ƙulli kamar ƙwallon goriba a ƙarƙashin fata. Ta miƙo yatsunta, kawunansu sun yi kanta sun yi ɗige-ɗige kamar an yayyafa barkono.

Da wata yayar ce, da ta rungume ƙanwarta. Mai Ɗinki ma sai da wani abu ya motsa a ƙirjinta, don cikin nan ita ta sha shafa masa mai yana ɗan mitsitsi. Amma hassada in ta daɗe a ɗaki ita ke amsa sallama.

"To an gani," ta ce. "Rufe, kada ki yi mura. Har da nuna min shaidar cin jarrabawa. Ke dai da kin san lambarki kullum. Ni fa? In jiri ya kwashe ni, tururuwa zan tambaya. Kin taɓa duƙawa a bayan banɗaki kina roƙon ƙwaro ya gaya miki ko za ki kai yamma?"

Auta ta sauke rigarta. Wannan kam gaskiya ce.

"Zan gaya wa likita," ta ce a ƙarshe.

"Gaya masa. Ki gaya masa kuma wa ya goye ki har bayansa ya ƙage."

Auta ba ta gaya wa likita ba. Ta kira ɗan Mai Ɗinki a waya, shi kuma yana can wata uwa duniya da kaya a mota, ya ce a ba Mama haƙuri, in ya dawo zai sayo tsinken. Ta ɗauke gwangwanin suga daga kicin ta kulle a ɗakinta. Mai Ɗinki ta aika aka sayo wani. Suka daina gaisawa, sai firji kaɗai ke magana a gidan.

Shugabar makarantar ta zo duba aiki. Ta ɗaga riga ɗaya, aljihu ya karkace. Ta ɗaga wata, hannun dama ya fi na hagu tsawo. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce, "Mama, ko kin gaji ne?" Ta sa aka kwashe sauran yadin aka kai wa wani tela a bakin titi. Mai Ɗinki ta tsaya a ƙofa tana kallon buhun yana tafiya, shuɗinsa na narkewa cikin hazon da babu wanda ke gani sai ita.

Saura kaɗan, ta ce wa kanta. In na karɓi kwalina na san lambata, komai zai koma daidai.

* * *

Wannan karon likita bai yi murmushi ba. Ya duba sakamakon jinin, ya cire gilashi, ya mayar.

"Mama, me ya faru? Kina shan maganinki kuwa?"

"Safe da yamma. Tambayi ƙanwata."

Ya haska mata 'yar fitila a ido, ya daɗe yana leƙe, dama, hagu, dama kuma.

"Tun yaushe kike ganin duhu-duhu?"

"Ƙuda ne kawai, ɗana. Yanzu dai ya ƙara girma."

Ya tura ta ɗakin likitan ido, aka ɗiga mata magani, aka sa ta jingina haɓa a kan wani inji. Bayanin da aka yi mata mai tsawo ne, abin da ta tsinta kaɗan. Wai dama jijiyoyin bayan idon sun daɗe da yin laushi, sugan da ya hau ya zauna shi ya ƙarasa su, jini ya tsiyaya a ciki. Za a yi mata aiki don a tsare abin da ya rage. Wanda ya tafi kuwa, likitar ta ce kada ta sa rai sosai.

"Aikin da tsada?" Mai Ɗinki ta tambaya.

"Kada ki damu, Mama. Inshora na biyan aikin ido gaba ɗaya."

"Allura fa? An ɗora ni?"

Likitar ta dube ta da mamaki. "An ɗora ki. Ai dole."

A tagar magani, yarinyar nan ta jero mata kaya: kwalaben insulin, allurai, sabuwar na'ura a cikin 'yar jakarta. Sannan ta juya ta ɗauko shi daga kanta. Fari, mai santsi, da ɗan nauyi kaɗan.

"Sannu, Mama. Allah ya ba da lafiya. Duk wata ki zo ki karɓa."

Mai Ɗinki ta karɓa da hannu biyu. Ba ta sa shi a jaka ba. A hannu ta riƙe shi tun daga asibiti har gida, ta bi ta gaban matan layi a hankali, tana gaishe da kowa, har da waɗanda ba ta gane fuskarsu ba.

* * *

Washegari ta riga Auta fitowa baranda. Ta jawo kujera daidai ƙofar ɗakin ƙanwar, ta baje kaya a cinya. Ta yage bakin kwalin da ƙarfi don a ji. Yatsun tela ba sa buƙatar ido: ta laluba ta zaro tsinke, ta zura shi a na'ura, ta tsira yatsa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Jinin ya ɓata mata lokaci kafin ya sami bakin tsinken, amma ya samu.

"Tit!"

Ashe haka yake da daɗi in a cinyarka ya yi kuka. Labulen Auta ya motsa. Mai Ɗinki ta ɗaga na'urar, ta karkata kai yadda ta ga ana yi, ta shirya murmushinta.

Ga hasken gilashin, tana ganinsa, ɗan fari-fari a gefe. A tsakiya, inda lambar take, ƙudan ya zauna ya baje fukafukai. Ta matso da ita kusa da hanci. Ta nisanta. Ta rufe ido ɗaya, ta juya wa rana baya. Wasu baƙaƙen sanduna suna rawa cikin ruwa, ko uku ne, ko takwas, ko ba komai.

Auta na tsaye a bakin ƙofarta, da nata kwalin a ƙarƙashin hammata. Taku biyu ne tsakaninsu.

"Yaya," ta ce a hankali, "in karanta miki?"

"Na gani ai. Lafiya ƙalau."

Ta ci gaba da riƙe na'urar a gaban fuska, murmushin na nan inda ta ajiye shi, har 'yar na'urar ta gaji da jira ta kashe kanta. A cikin ɗaki, keken ɗinki na lulluɓe da tsohon zani.

Mai Ɗinki ta zare tsinken, ta wurga wajen da take zaton kwandon shara yake. Ya faɗi a ƙasa. Ta laluba cikin kwalin ta zaro wani. Ai yanzu tana da su da yawa.